Tashar Rahama: Jirgin da Aka Kawo Domin Kuza

Tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, ake ta gardama a majalisu: wai duk garin da ya samu tasha ya warke daga talauci, wai kuma tsofaffin tashoshinmu duk sakacin shugabannin bayan 'yancin kai ne ya kashe su. Sakaci kam an yi shi, ba mai musu. Amma tashar Rahama, a ƙasar Lere ta Jihar Kaduna, Turawan da suka gina ta su ne suka rufe ta da hannunsu a 1957, saura shekara uku su tafi.

Layin da ya ratsa Rahama sunan Bauchi aka laƙaba masa, alhali bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Tsaunukan Jos, inda layin ya nufa domin kuza, su ne a lokacin suke cikin lardin Bauchi. Daga Zariya ya tashi, ya bi ta Soba da Dutsen Wai, ya iso Rahama a 1912. A nan ya tsaya, kuma a lokacin ne kakar garin ta yanke saƙa. 'Yan dako da jakuna na gangaro da kuza daga kan dutse, ana lodinta a tarago. Sai a 1914 dogon ya hau zuwa Jos da Bukuru, Rahama ta koma wurin da jirgi ke ɗan tsayawa ya wuce.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne faɗin layin. Ƙafa 2 da inci 6 ne, babban layin Legas zuwa Kano kuwa ƙafa 3 da inci 6. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Duk buhun kuzar da ya iso Zariya dole a sauke shi a sake lodawa, ga ɓata lokaci, ga kuɗin leburori. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, kuza ta samu hanya miƙaƙƙiya zuwa Fatakwal. Ƙaramin layin ya zama kamar mai tuwon da ta kafa rumfa a bakin rijiya, aka ja famfo wata unguwa. Ya ci gaba da jan ƙafa har shekara 30, motoci na ƙwace masa ɗan abin da ya rage.

Ba a shimfiɗa shi don manomin masarar Lere ba, shi ya sa da kuza ta sauya hanya babu wanda ya tsaya lissafin asarar manomin.

Wasu daga cikin kawunan jiragen layin suna gidan tarihi na Jos. Labarin garuruwan da ya ratsa kuwa yana bakin dattawan da suka hau shi, kuma ƙaraminsu ya haura shekara 70. Ya kamata Jihar Kaduna da sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello su tura ɗalibai Rahama da Dutsen Wai da Soba su naɗi bayaninsu tun suna raye.