Ƙauyen Da Ba A Sayar Da Shinkafa

Duk wanda Allah ya nufa da sauke farali daga cikinmu ya san mutanen Indunusiya, waɗanda alhazanmu kan kira Jawa. Su ne ake gani cikin jerin gwano wajen ɗawafi, riga iri ɗaya, kowa riƙe da ɗan'uwansa. Yawancinmu iyakar saninmu da su ke nan, sai kuwa taliyar Indomie da yara suka sani, wadda asalinta daga can ne. A wannan wata za mu kai mai karatu wani ƙauyen manoma a kan duwatsun ƙasarsu, inda ake riƙe da wata doka da za ta ba ɗan kasuwa mamaki.

Ƙauyen sunansa Ciptagelar, a gundumar Sukabumi da ke yammacin tsibirin Jawa, a jikin dutsen Halimun, wajen mita 1,000 sama da teku. Halimun ma'anarsa hazo a harshen Sunda, kuma sunan ya dace. Daga Pelabuhan Ratu, garin da ke bakin teku, sai an yi sa'o'i ana hawa bisa hanya mai duwatsu, wadda in damina ta sauka babur da mota mai ƙarfi kaɗai ke iya ta. Gidajen na katako ne da gora, rufinsu na ganye da zaren wani irin kwakwa. Mutanen Musulmi ne, amma suna ƙarƙashin wata tsohuwar sarautar gargajiya da ake kira Kasepuhan, wadda su ke lissafin tarihinta tun daga shekarar 1368. Shugabanta ana ce masa Abah, wato Baba. Abah Ugi ne ke riƙe da ita tun 2007, bayan rasuwar mahaifinsa Abah Anom, kuma ɗaruruwan ƙauyuka a kewayen dutsen na bin umarninsa a kan sha'anin gona.

Dokar ita ce: ba a sayar da shinkafa, ɗanya ko dafaffa. A wurinsu shinkafa rai ce, wanda ya sayar da ita kamar ya sayar da ransa ne. Baƙo zai ci ya ƙoshi kyauta, maƙwabci zai ara, amma ba a karɓar kuɗi. Sau ɗaya tak ake shuka a shekara, ko da yake ruwa ya isa a yi sau biyu ko uku kamar yadda ake yi a kwarin Jawa. Suna cewa ƙasa uwa ce, uwa kuwa ba ta haihuwa sau biyu a shekara. Lokacin shuka da taurari ake gane shi, musamman wanda suke kira Kerti, wato Kaza da 'ya'yanta da tsofaffinmu suka sani, da kuma Kidang, taurarin nan uku da ke jere.

Girbi ma da nasa ladabin. Ba lauje, ba inji. Wata 'yar wuƙa ce da ke ɓoye cikin tafin hannu ake yanke zangarniya da ita ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure dami-dami, a rataye a kan sandunan gora har ta bushe, sannan a kai rumbu. Rumbun, wanda suke kira leuit, ɗan ƙaramin ɗaki ne na katako a kan ƙafafu, kuma kowane gida na da nasa, wasu biyu ko fiye. Da yake shinkafar na cikin ƙaiƙayinta da zangarniyarta, takan yi shekaru ba ta lalace ba. In za a ci, mata ne ke sussuka da surfe a dogon turmi, a dafa da itace. Akwai kuma rumbun jama'a mai suna Si Jimat. Kowa na zuba nasa rabon bayan girbi, wanda abincinsa ya yanke kuma ya je ya ara, ya biya da shinkafa in kaka ta zo. A bikin Seren Taun na ƙarshen girbi ne ake shigar da sabbin dammuna cikinsa a gaban dubban baƙi.

Wannan tsari ya sha gwaji. A zamanin Shugaba Suharto, tun daga ƙarshen shekarun 1960, gwamnati ta matsa wa manoma su karɓi sabon iri mai saurin nuna, da takin zamani da maganin ƙwari, su yi noma sau biyu ko uku. Ba za mu raina abin ba, domin a 1984 ƙasar ta iya ciyar da kanta da shinkafa, har Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama Suharto a 1985. Amma a shekarun 1970 wani ƙwaro da ake kira wereng ya cinye gonaki masu yawa na sabon irin, kuma tsofaffin irin shinkafa da dama sun ɓace a kwari. Mutanen Kasepuhan sun riƙe nasu, fiye da kala 100. A 2023, da fari ya taɓa ƙasar, gwamnati ta shigo da shinkafa wajen tan miliyan 3 daga waje, farashi ya tashi a birane. Mai cin abin da ke rumbunsa wannan tashin bai shiga tukunyarsa ba.

To amma kada mai karatu ya ɗauka aljanna ce. Cikin mutum zai cika, aljihunsa ko babu komai. Kuɗin makaranta da magani da sutura sai an nemo su daga sukarin da ake dafawa daga ruwan itacen aren, da kayan lambu, da 'yan dabbobi, ko kuma saurayi ya sauka birni ƙwadago. Babban asibiti na can ƙasa, kuma mai naƙuda da dare ita ta san nisan hanyar. Dutsen kansa ba ya da tabbas: ranar 31 ga Disamba 2018, bayan ruwan sama, ƙasa ta zaftare a unguwar Cimapag da ke wannan yanki na Sirnaresmi, ta binne gidaje, fiye da mutum 30 suka rasu.

Sai kuma maganar fili, wadda a ganinmu ta fi komai nauyi. A 1992 gwamnati ta mai da dajin Halimun gandun ƙasa mai faɗin hekta 40,000. A 2003 aka faɗaɗa shi zuwa wajen hekta 113,000, sai ga gonaki da gidajen da aka gada kaka da kakanni sun faɗa cikin iyakar gandu. Su kuwa tun da can suna da nasu rabon daji gida uku: wanda aka ba su amana, wanda aka rufe don kare idanun ruwa, da wanda aka yarda a noma. A 2013 Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa dajin gargajiya ba mallakar gwamnati ba ne, amma kafin al'umma ta ci moriyar hukuncin sai hukumar yankinta ta amince da ita a rubuce, wannan kuwa aiki ne mai jan ƙafa.

Abin da ya fi burge mu shi ne mutanen ba su gudun zamani. Da ruwan rafukansu suke juya ƙananan injuna su sami lantarki. Suna da gidan rediyonsu, a 2008 kuma suka buɗe tashar talabijin ta ƙauye mai suna CIGA TV, wadda ke nuna aikin gona da bukukuwansu. Abah Ugi kansa an san shi da gyaran kayan lantarki, daga baya intanet ma ta iso. Injin casar shinkafa ne dai har yanzu ba a yarda ya shigo ba.

Fadar ma ba ta zama wuri ɗaya. Bisa al'adarsu, in ishara ta zo wa Abah, sai a tashi. A 2001 aka bar Ciptarasa aka kafa Ciptagelar, a 2022 kuma Abah Ugi ya koma sabon mazauni da ke kusa, mai suna Gelar Alam. Cikin abubuwan da ba a bari a baya in za a yi irin wannan ƙaura akwai rumbun Si Jimat.