Farin Kaya da Lasisi: Yadda Ake Tantance Ma'aikatan Jinya a Kaduna

Ɓangaren garin Kaduna da ke arewacin kogi ya tara manyan asibitoci irin waɗanda ba kowane gari a Arewa ke da su ba, kama daga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Sojoji na 44, zuwa Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da takwararta ta kunne, sannan ga Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada da Babban Asibitin Kawo. A dukkan waɗannan wurare likita yakan zaga ne ya duba majinyaci ya rubuta magani ya wuce, amma ma'aikacin jinya, wanda jama'a ke kira nas, shi ne yake kwana da marar lafiya, ya auna zafin jikinsa da hawan jininsa, ya ɗaura masa ƙarin ruwa, ya yi masa allura a kan lokaci, ya kuma fara lura idan jikin ya rikice da tsakar dare. Aiki mai nauyi irin wannan ba a barin kowa ya shige shi don kawai ya ɗinka fararen kaya, shi ya sa doka ta kafa hukumar da ke ba da izinin yin sa.

Mutane da yawa suna zaton gwamnatin jiha ce ke ba nas lasisi, kamar yadda ake yi a Amurka, inda kowace jiha take da hukumarta. A Nijeriya ba haka abin yake ba, domin ikon yana hannun hukuma guda ta tarayya, wato Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda ake taƙaita sunanta da NMCN, mai hedikwata a Abuja. An kafa ta da Dokar Soja mai lamba 89 ta shekarar 1979, wadda ta haɗe hukumomi biyu da aka gada daga Turawan mulkin mallaka, ɗaya ta ungozomomi da ta samo asali daga dokar 1930, ɗaya kuma ta ma'aikatan jinya da ta samo asali daga dokar 1947. Abin da ya rage wa jiha shi ne ɗaukar ma'aikata da biyan su albashi, da yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista, da kuma kwamitin jinya da ungozoma na jiha, wanda yake zama ido da kunnen majalisar a cikin jihar. Ita kuwa ƙungiyar ma'aikatan jinya ta NANNM, wadda aka fi jin sunanta a rediyo lokacin yajin aiki, haƙƙin ma'aikata take karewa, ba ta ba da lasisi kuma ba ta ƙwace shi.

Sa idon majalisar yana farawa ne tun daga makaranta, kafin ɗalibi ya taɓa majinyaci. Babu makarantar da ke da izinin horar da nas ko ungozoma sai wakilan majalisar sun ziyarce ta sun duba yawan malamanta da cancantarsu, da ɗakin gwaji inda ake koyon aiki a jikin mutum-mutumi, da asibitin da ɗalibai za su yi aikin koyo, sannan a ƙayyade mata adadin ɗaliban da za ta ɗauka a shekara. Wannan sharaɗi yana kan Kwalejin Jinya da Ungozoma ta Jihar Kaduna, mai reshe a Tudun Wada da kuma Kafanchan, kamar yadda yake kan sashen jinya na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Mai neman shiga sai ya zo da kiredit biyar a Turanci da lissafi da fizik da kimistiri da bayoloji, kuma da zarar ya fara karatu ana aika sunansa ga majalisar ta ba shi lamba ta musamman, wadda in babu ita ba zai zauna jarrabawar ƙarshe ba. A nan ne iyaye da yawa suke tafka asara, domin wanda ya kai 'yarsa makarantar da ba a amince da ita ba zai biya kuɗin shekaru, yarinya ta sha wahalar karatu da aikin dare, sannan a ƙarshe a tarar ba ta da lambar da za ta kai ta ɗakin jarrabawa.

Karatun jinya na asali shekara 3 ne, na digiri a jami'a kuwa shekara 5, sannan a 'yan shekarun nan ana mayar da makarantun jinya kwalejoji masu ba da difloma da babbar difloma, tare da haɗin gwiwar Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wadda hedikwatarta ke kan titin Bida a nan Kaduna. Ko ta wace hanya ɗalibi ya bi, jarrabawar majalisa ce ke raba gardama, kuma kashi biyu ce: akwai tambayoyin da ake amsawa a kwamfuta, akwai kuma gwajin aiki, inda ɗalibi ke zagaya tebura ɗaya bayan ɗaya cikin ƙayyadadden lokaci, a nan ya wanke rauni ya ɗaure, a can ya lissafa adadin magani, mai jarrabawa yana tsaye yana lura hatta da yadda ya wanke hannunsa. Wanda ya ci shi ake shigar da sunansa cikin kundin rajista a ba shi lasisi.

Rajista sau ɗaya ake yin ta, amma lasisi yana ƙarewa bayan shekara 3, kuma ba a sabunta shi sai ma'aikaci ya nuna shaidar halartar bitar ƙarin ilimi da majalisar ta wajabta. Idan aka kai ƙarar nas bisa sakaci ko rashin ɗa'a, kwamitin bincike ne ke fara duba maganar, in ya ga da ƙamshin gaskiya ya miƙa ta ga kotun ladabtarwa ta majalisar, wadda ke da ikon yin gargaɗi ko dakatarwa ko goge suna daga kundi baki ɗaya.

Haka kuma majalisar ce ke tabbatar wa ƙasashen waje ingancin takardun nas mai son fita aiki. A watan Fabrairun 2024 ta fitar da sharaɗin cewa sai ma'aikaci ya yi shekara 2 yana aiki bayan samun lasisi kafin a tantance masa takardu, abin da ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya a Abuja da Legas, yayin da magatakardan majalisar na lokacin, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa fiye da ma'aikata 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3. Damuwar majalisar tana da hujja, sai dai tsare ƙofa ba zai riƙe wanda albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba.

Inda tsarin ya fi rauni kuwa shi ne cikin unguwanni, nesa da manyan asibitocin gwamnati da ba sa ɗaukar ma'aikaci sai da takarda. A ƙananan asibitocin kuɗi da shagunan kemis akan sami matasa da aka koya wa allura da ɗaura ruwa cikin 'yan watanni, aka sa musu fararen kaya, jama'a na kiran su nas ko sista, alhali majalisar ba ta san da zamansu ba, kuma doka ta ɗauki amfani da wannan suna ba tare da rajista ba a matsayin laifi. Illar ba ta tsaya ga ƙarancin iliminsu ba, domin wanda ba shi da lasisi babu abin da kotun ladabtarwa za ta ƙwace masa, yana iya barin wannan unguwa ya koma wata ya ci gaba da aikinsa. Talauci da cunkoson asibitin gwamnati ne ke kai mutane gare su, kuma don rage wannan giɓi majalisar ta ɓullo da karatun shekara 2 na nas da ungozomar karkara, masu lasisinsu na musamman. Duk da haka, ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna ta riƙa neman lasisin kowane nas kafin ta sabunta rajistar asibitin kuɗi, su kuma iyaye su tabbatar da sunan makaranta cikin jerin da majalisar ta amince da shi kafin su biya ko kwabo, sannan mai jinyar ɗan'uwansa ya sani yana da 'yancin tambayar lasisin wanda zai yi wa majinyacinsa allura.