Kafin a Danna Gwangwanin Feshi

Ƙananan rokokin wasa da ake harbawa a filaye a Amurka, irin na kamfanin Estes da aka kafa a 1958, ba na ƙarfe ba ne. Gangar jikinsu kwali ne naɗaɗɗe, fikafikan galibi katakon balsa ne mai laushi, hancin kuma roba ko balsa. Kwalin yana da siririn layi da ya zagaye shi daga sama har ƙasa, balsa kuwa tana shan ruwa ta tashi da gashi. Fenti ba ya ɓoye ko ɗaya. Ƙyallinsa ma tona su yake yi.

Saboda haka yawancin aikin na samfefa ne. A cike layin kwalin da ramukan katakon da fila, a bari ta bushe, a goge da mai lamba 220. Sai a fesa fentin shimfiɗa mai ruwan toka, a sake gogewa da 320 ko 400. Duk inda rami ya rage, tokar za ta zauna a ciki ta nuna shi. A maimaita har yatsa ya daina jin gargada. Masu fentin mota sun san wannan wahalar, kuma nan ne mai gaggawa yake tsallakewa.

Wajen feshin, a zura sanda ta gindin rokar don a riƙa juya ta. A girgiza gwangwani sosai, a tsaya nesa da kamar santimita 25, a fara fesawa kafin a iso jikinta, kada a saki sai an wuce. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda zai zubo ya daskare. A yi a waje ko inda iska ke wucewa, da takunkumi a hanci. Ranar da iska ke da danshi fentin yakan yi fari-fari, ranar ƙura kuma ya kwashi datti.

A karanta jikin gwangwanin: da yawa suna cewa a ƙara shafi cikin awa ɗaya, in ba haka ba a jira kwana biyu. Wanda ya fesa a tsakani zai ga fentin ya yamutse. Haka ma in aka ɗora fenti mai zafin tina a kan na mai.

Kuma fenti nauyi ne. In ya taru a gindi yana iya hana rokar tafiya a miƙe. Ni dai ja ko ruwan lemo nake zaɓa, don rokar da aka yi wa kore in laimar sauka da ke jikinta ta sauke ta cikin ciyawa, sai an sha nema.