Cha Bum-kun: Gwarzo a Jamus, Korarre a Faransa

Yau shirinmu na musamman zai leƙa Koriya ta Kudu ne, mu ji labarin Cha Bum-kun, ɗan wasan gaban da aka haifa a 1953.

A ƙarshen 1978 ya isa Jamus. Wasa ɗaya tak ya buga wa Darmstadt, sai aka kira shi gida ya ƙarasa aikin soja na dole. Da ya komo a 1979 Eintracht Frankfurt ta ɗauke shi, shekara na zagayowa suka ɗaga kofin UEFA.

Amma daren da ya fi shiga tarihi shi ne na 1988, lokacin yana Bayer Leverkusen. A zagayen farko na wasan ƙarshe na kofin UEFA, Espanyol ta lallasa su da ci uku da nema a Sifaniya. Kowa ya fid da rai. Da aka zo Jamus, Leverkusen ta rama biyu, ta tsaya cak. Ana saura ƙasa da minti goma a tashi, aka yanko ƙwallo cikin da'ira, Cha ya yi tsalle ya sa mata kai, sai raga. A bugun fenariti suka ɗauke kofin.

Ku ji wannan: ƙwallo 98 ya ci a wasanni 308 na Bundesliga, babu ko ɗaya ta fenariti. Katin gargaɗi kuwa sau ɗaya aka taɓa ɗaga masa, duk da irin taɗiyar da ya sha.

To, kujerar koci daban ce. Bayan ya horas da Ulsan Hyundai, a 1997 aka damƙa masa ƙungiyar ƙasa, ya kai ta gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa. Meziko ta ci su uku da ɗaya. A Marseille kuma Holand ta zura musu biyar ba ko ɗaya. Hukumar ƙwallon Koriya ba ta ma jira wasa na uku da Beljiyam ba, ta sallame shi ana tsakiyar gasa. A ganina an yi gaggawa. Holand ɗin nan fa tana da su Bergkamp da Overmars, Koriya kuwa a lokacin ba ta taɓa cin wasa ko ɗaya a gasar ba. Da ya koma gida ya yi zargin ana sayar da wasanni a gasar cikin gida, sai aka dakatar da shi, ya tafi Shenzhen ta ƙasar Sin neman aiki.

Kocin Holand na ranar, Guus Hiddink, shi Koriya ta ɗauko daga baya, ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 2002. Cikin 'yan wasansa har da Cha Du-ri, ɗan Cha na cikinsa.

Shi kuwa uban ya karɓi Suwon Samsung Bluewings a 2004, ya ci mata gasar ƙasa a shekarar, ya sake ci a 2008, sannan ya ajiye aiki a 2010.