Shayin Kirsimeti Na Zumuntar Mata A Kano: Zumunta A Ƙafa Take

Idan watan Disamba ya kama, sanyin hunturu ya sauka a Kano, akwai wata hidima da matan ikilisiyoyin Kirista ba sa wasa da ita, watau walimar shayi da ƙungiyar Zumuntar Mata kan shirya gab da Kirsimeti ko a cikin makonsa. Wanda ya hango taron daga nesa zai ga mata cikin anko, da butoci, da farantan cincin, ya ɗauka shagali ne kawai. Alhali kuwa a wannan zama ne ake gane wadda shekara ta yi wa nauyi, a kuma shirya yadda za a tallafe ta ba tare da an tona mata asiri ba.

Shan shayin la'asar a matsayin taron mata al'adar Ingila ce, wadda ta yaɗu a can tun wajen 1840. A ƙasar ce kuma Mary Sumner ta kafa ƙungiyar iyaye mata ta ɗarikar Angilika a 1876. Matan mishan da suka zo Arewa sun taho da ɗabi'un biyu. Mishan ɗin Sudan Interior Mission ya sauka Ikko a 1893, Dokta Walter Miller na C.M.S. ya zauna Zariya daga 1905, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka buɗe asibitin ido na mishan a Kano a 1943, sa'an nan a 1954 aka kafa ikilisiyar ECWA. Da yake Hausa ce harshen sujada ga kabilu masu yawa na Filato da kudancin Kaduna da Bauci da Adamawa, haka kuma ga Hausawa Kirista na Kano da Katsina da Maraɗi, sai ƙungiyar matan ta sami sunan Hausa. Yau akwai Zumuntar Mata a ECWA, da COCIN, da EYN, har da Katolika.

Matan ba su ɗauki al'adar yadda ta zo ba. Shayin da ake dafawa a nan da citta ne da kanumfari, kamar dai na mai shayin bakin titi, wani lokaci ganyen ma na gida ne, daga gonar shayi ta Kakara a tsaunin Mambila ta Jihar Taraba. Kusa da kek za a ga cincin da dubulan da waina, ga zoɓo da kunun gyaɗa domin waɗanda ba su damu da shayi ba. Kiɗan kuwa na tulu ne da caki, waɗanda aka san zumunta da su a duk faɗin Arewa.

Ga matan da ke zaune a Daurawa da Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin Tarauni, taron yana da wani muhimmanci na daban. Da yawansu ma'aikata ne ko matan ma'aikata, ciki har da masu aiki a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da aka kafa a 1988. Mafi yawan majami'un birnin suna Sabon Gari, saboda haka mace kan zauna a unguwa ita kaɗai a cikin layi, ba ta ganin 'yan'uwanta sai ranar Lahadi, shi ma a gurguje. Wadda aikin dare ya hana ta tafiya garinsu hutu, ko ɗaliba da kuɗin mota ya gagare ta, wannan shayi ne Kirsimetinta.

Shirin yakan fara makonni kafin ranar. Shugabar zumunta da ma'aji da sakatariya sukan zauna su yanke abin da kowace za ta bayar, a raba aiki: wasu su shiga Kasuwar Singa sayen sukari da madara da fulawa, wasu su nufi Kantin Kwari neman atamfa, wasu su kwana suya. Ranar taro akan buɗe da addu'a, a karanta labarin haihuwar Almasihu daga Linjilar Luka, matar fasto ko wata dattijuwa ta yi gargaɗi a kan zaman aure da tarbiyyar 'ya'ya, sa'an nan a zuba shayi. Dattawa ake fara miƙa wa, sai baƙi, masu hidima su sha a ƙarshe. Daga nan a tara baiko, a ware kason matan da mazansu suka rasu, da marayu, da masu jinya. Sau da yawa a ɓoye ake kai wannan kaso gida, domin kada mai karɓa ta ji kunya a gaban jama'a.

To, amma hidimar tana fuskantar matsala. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, farashin sukari da madara da fulawa ya yi tashin gwauron zabo, kuɗin mota daga Tarauni zuwa Sabon Gari ya ƙaru. Idan aka ɗora kuɗin anko a kan gudunmawa, sai ya zama wadda aka shirya taron dominta ita ce ta farko da za ta ƙaurace masa, don ba ta da halin ɗinka sabon zane. Wannan shi ne babban hatsarin: walimar da aka kafa don a rufa wa mai rauni asiri ta koma fagen nuna arziki. Maganinsa a fili yake. Zanen zumunta na bara bai daina zama zanen zumunta ba, gudunmawa kuma ta zama gwargwadon ƙarfi, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Matsala ta biyu ita ce tsaro. Kano ba ta manta tarzomar Oktoba 1991 ba, ko hare-haren 20 ga Janairu 2012, ko harin da aka kai wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a watan Afrilu na shekarar. Irin waɗannan sun koya wa jama'a yin taro da rana a tashi kafin magariba. Sun kuma nuna darajar wata tsohuwar ɗabi'a, ta aika wa maƙwabta Musulmi cincin da shinkafar Kirsimeti, su kuma su rama da tuwon Salla da naman layya. A unguwa irin Daurawa, inda katanga ɗaya ce tsakanin gida da gida, kwanon da yaro ya kai maƙwabta yana yin aikin da taron sulhu goma ba za su yi ba.

Akwai darasi a nan ga ma'aikatan jin daɗin jama'a da ɗalibai masu nazarin zaman al'umma. Waɗannan mata ba su da kasafin gwamnati, amma sun san kowace gwauruwa da sunanta, sun san yaron da aka koro daga makaranta saboda kuɗi. Hukumar da ke neman isa ga mabukata za ta rage wa kanta wahala idan ta nemi shawarar irin waɗannan ƙungiyoyi, na coci da na Islamiyya baki ɗaya. Hannu ɗaya, in ji Hausawa, ba ya ɗaukar jinka.