Gangar Da Ta Ratsa Ƙasashe Uku

Ni ba mashayi ba ne, kuma ban ɗauki alƙalami don in tallata giya ba. Abin da ya faru shi ne, a wata tafiyar aiki da na yi zuwa birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan, na ci karo da wata kwalbar wuski a tagar kanti. An rubuta a jikinta cewa kwalabe 'yan kaɗan aka cika, ba a sirka ta da ruwa ba, kuma ta kwana a gangar giyar rake. Wannan jimla ta ƙarshe ita ta hana ni wucewa.

Bari in fara da bayanin kayan. Dokar da Birtaniya ta kafa a 2009 ta ce ba a kiran abu wuskin Sikotlan sai ya yi aƙalla shekara 3 a cikin ƙasar, a gangar itacen ok wadda ba ta wuce lita 700 ba, kuma ƙarfinsa bai gaza kashi 40 cikin 100 ba. Galibi akan ƙara masa ruwa kafin a zuba a kwalba. Wanda ba a sirka ba yakan kai kashi 50 zuwa 60 da wani abu, shi ya sa masu kuɗi ke rububinsa.

Ita kuwa gangar, gwanjo ce. Dokar Amurka ta wajabta a ajiye wuskinsu na masara a sabuwar ganga da aka babbake cikinta, don haka da an juye sai a sayar da ita. Masu yin giyar rake a tsibiran Karibiyan su saya, su yi shekaru suna ajiya a ciki, sannan wasu gangunan su ƙarasa Sikotlan. Itacen da ya sha zaƙin rake shi ke mayar wa wuskin ƙamshi da launi. Kamfanoni irin su Balvenie da Glenfiddich sun daɗe suna cin kasuwa da wannan dabara.

To, a nan gizo ke saƙar. Giyar rake daga baƙin maɗin da ke saura bayan an fitar da sukari ake yin ta. Tun daga shekarun 1640, da Barbados ta rungumi noman rake, wa ya sare raken, wa ya tsaya gaban tukunya? Bayin da aka kwaso daga Afirka. Har ma akan kawo giyar gaɓar tekun Afirka ta Yamma a musanya da wasu bayin. 'Yan Sikotlan da dama sun mallaki gonaki a Jamaika, kuma har gobe akwai titi mai sunan tsibirin a tsakiyar Gilasgo. Da majalisar Birtaniya ta yi dokar soke bauta a 1833, fam miliyan 20 aka ware diyya, amma iyayengijin aka biya, bayin ko sisi.

Ba na cewa mai cika kwalba a yau shi ya yi laifin kakanni. Ƙorafina shi ne, sana'ar da ke sayar da tarihi, tana ƙirga shekarun ganga ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓi rabin labari ta bar rabi. Jami'ar Gilasgo ta nuna ana iya yin abin da ya fi haka: a 2018 ta fitar da rahoto tana amsa cewa ta amfana da dukiyar bauta, a 2019 kuma ta ƙulla yarjejeniya da Jami'ar West Indies.

Ga ɗalibaina da sauran masu karatu, shawarata ɗaya ce. Duk hajar da aka yi wa ado da labari, ku tambayi wanda aka cire daga cikin labarin. Ganga ba ta magana, amma wanda ya san hanyar da ta bi ba zai bari takardar jikin kwalba ta ba shi tarihi ba.