Neman Maganin Raya Guringuntsi: Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Gwiwar Ɗan Adam

Amosanin gaɓoɓi, watau ciwon nan da ke tasowa idan guringuntsin da ke lulluɓe da kawunan ƙasusuwa ya zaizaye, yana daga cikin manyan abubuwan da ke nakasa dattawa. Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2019 mutane wajen miliyan 528 ne ke fama da shi, kuma gwiwa ita ce gaɓar da ya fi kamawa. Magungunan da ake bayarwa a asibiti suna rage zogi ne kawai. Idan abin ya yi tsanani, sai a yi tiyata a sa gaɓa ta ƙarfe da roba.

Dalilin wannan gazawa yana cikin halittar guringuntsin kansa. Kaurinsa a gwiwa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, kuma mafi yawansa ruwa ne da zaruruwan wani furotin da ake kira kolajin. Ƙwayoyin halittar da ke gina shi 'yan kaɗan ne, kowace tana zaune a cikin ɗan gurbinta. Babu hanyar jini da ke ratsa shi, sai dai ya tsotsi abinci daga ruwan gaɓa a lokacin da mutum ke motsi. Fata kan warke domin jini na kawo mata kayan gyara. Shi kuwa guringuntsi ba shi da wannan gata. Tun a shekarar 1743 likitan nan na Birtaniya, William Hunter, ya lura cewa idan ya lalace ba ya komawa yadda yake.

Saboda haka masana suka karkata ga wasu ƙwayoyi na asali da ke cikin ɓargo da kewayen gaɓa, waɗanda ke iya rikiɗa su zama ƙashi, ko kitse, ko guringuntsi. Tambayar ita ce, wane sinadari ne zai sa su zaɓi zama guringuntsi? A San Diego ta ƙasar Amurka, Kristen Johnson da Peter Schultz da abokan aikinsu sun raini irin waɗannan ƙwayoyi a cikin ƙananan kofunan gwaji, sa'an nan suka ɗiga musu sinadarai kimanin 22,000, ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 2012 suka bayyana a mujallar Science cewa sun dace da guda, suka sa masa suna katojenin.

Yadda yake aiki abin lura ne. A cikin ƙwayar halitta akwai wani furotin, filamin A, wanda ke riƙe da wani ɗan saƙo ya hana shi motsi. Idan katojenin ya manne wa filamin A, sai ɗan saƙon ya kuɓuta, ya shiga cibiyar ƙwayar, ya haɗu da abokin aikinsa su tada umarnin ƙera kolajin da sauran kayan ginin guringuntsi. Da aka yi wa ɓeraye masu lalatacciyar gwiwa allurarsa, an ga lalacewar ta ragu.

To, amma ɓera ba mutum ba ne. Guringuntsinsa siriri ne ƙwarai, nauyin da yake ɗauka kaɗan ne, kuma ciwon da aka haddasa masa cikin 'yan makonni ya bambanta da wanda ya yi shekara ashirin yana cin gwiwar tsoho. Har ila yau, maganin da aka zuba a gaɓa kan zurare cikin ɗan lokaci, ga shi kuma ana tsoron kada sabon guringuntsin ya zarce ya rikiɗe ya zama ƙashi.

Darasi mafi girma ya zo ne daga wani magani dabam, sifirifamin, wanda aka kwaikwaya daga wani furotin na jiki mai sa ƙwayoyin guringuntsi su hayayyafa. An gwada shi a kan majinyata 549, aka buga sakamakon a shekarar 2019. Bayan shekara biyu, hoton na'ura ya nuna cewa waɗanda suka sami allura mafi ƙarfi sun ɗara waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri kaurin guringuntsi da misalin milimita 0.05. Wannan ya tabbatar da cewa guringuntsin babban mutum na iya ƙaruwa. Sai dai wajen zogi, ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin rukunonin ba.

Wannan kuwa bai zama abin mamaki ba, domin shi guringuntsi ba shi da jijiyar jin zafi. Zogin yana fitowa ne daga ƙashin da ke ƙarƙashinsa da kuma tantanin gaɓa da ya kumbura. Ke nan cutar ta gaɓa ce gaba ɗayanta, kuma maganin da zai amsa sunansa dole ya gyara gini, ya kuma kawo sauƙi.

Har yanzu hukumomin kula da magunguna na Amurka da Turai ba su amince da wani magani a matsayin mai mayar da guringuntsin da amosani ya cinye ba. Don haka ya kamata ɗalibi ko ma'aikacin da aka tallata wa irin wannan ya tambayi a kan wa aka gwada shi: ƙwayoyi a kofi, ko ɓera, ko mutum? Kafin binciken ya nuna, abin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne rage ƙiba da motsa jiki don ƙarfafa naman cinya.